Masu Nazarin Ƙabila a Jami'o'i: Su Wane Ne, Kuma Me Bincikensu Ke Faɗa Game da Yammacin Zamfara?

A makon farko na watan Janairun 2022, 'yan bindiga sun afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Mazauna yankin sun ce mutanen da aka kashe sun kai kimanin 200, gwamnatin jihar Zamfara kuwa ta ce 58 ne. Da labarin ya isa jaridun ƙasashen waje, yawancinsu da layi ɗaya suka yi wa masu karatunsu bayanin musabbabin abin: rikici ne tsakanin manoma Hausawa da makiyaya Fulani. Wannan layi shi ake maimaitawa kusan duk lokacin da sunan Gwashi, ko na wani ƙauye a ƙasar Gummi, ya fito a labarai.

Layin yana da ƙamshin gaskiya, amma ya bar tambayoyi masu nauyi ba amsa. Wane ne Bahaushe a ƙasar da mutanenta suka shafe ƙarnuka suna kiran kansu Zamfarawa? Wane Bafillacen ake nufi, mai rawani a fada ko mai sanda a ruga? Akwai malaman jami'a da suka ƙarar da rayuwarsu a kan irin waɗannan tambayoyi, a Amurka da kuma nan gida. Wannan maƙala tana bayanin su wane ne, daga ina fanninsu ya taso, da kuma amfanin abin da suka gano ga mai son fahimtar halin da yammacin Zamfara yake ciki.

Menene nazarin ƙabila?

Nazarin ƙabila fanni ne da ke binciken yadda ake raba mutane rukuni-rukuni bisa harshe, asali, launin fata ko sana'a, da yadda wannan rabo yake shafar mulki, mallakar ƙasa, shari'a da arziki. Fannin yana ɗiba daga tarihi, ilimin zamantakewa, kimiyyar siyasa, adabi da nazarin harsuna. Mai wannan nazari ba ya tsayawa ga jera sunayen ƙabilu da irin rawarsu ko abincinsu. Abin da ya fi damunsa shi ne wanda ya raɗa sunan, lokacin da aka raɗa shi, wanda ya ci moriyarsa, da wanda aka bari a waje.

A jami'o'in Amurka fannin yana da sassa da tsangayoyi na kansa, kuma sau da yawa ana haɗa shi da nazarin Amurka, wato binciken tarihi da al'adu da aƙidun ƙasar ita kanta. A Nijeriya kuwa, yawancin masu wannan aiki suna zaune ne a sassan tarihi, kimiyyar siyasa, ilimin zamantakewa da harsunan Nijeriya. Suna ya bambanta, amma tambayoyin kusan iri ɗaya ne.

Yadda fannin ya taso a Amurka

Tun kafin jami'o'i su karɓi fannin, malamai baƙaƙen fata sun fara aikin da kansu. W. E. B. Du Bois ya wallafa bincikensa kan rayuwar baƙaƙen fata a birnin Filadalfiya a 1899, Carter G. Woodson kuma ya kafa ƙungiyar nazarin tarihin baƙar fata a 1915. Ƙungiyar malaman nazarin Amurka ta kafu a 1951, sai dai a farkon lamari hankalinta ya fi karkata ga adabi da tarihin farar fata.

Sauyin ya zo ne ta hannun ɗalibai. A ranar 6 ga Nuwamban 1968, ƙungiyar ɗalibai baƙaƙen fata ta kwalejin jiha da ke San Faransisko, tare da gamayyar ɗalibai 'yan asalin Asiya da Latin Amurka da ƙabilun asali na ƙasar, suka ƙaurace wa azuzuwa. Sun nemi a ƙara ɗaukar ɗalibai da malamai daga al'ummominsu, a kuma koyar da tarihinsu. An kama ɗaruruwa, 'yan sanda sun yi ta arangama da su, yajin kuma bai ƙare ba sai a watan Maris na 1969. Shi ne yajin ɗalibai mafi tsawo a tarihin ƙasar. Sakamakonsa shi ne kafa tsangayar nazarin ƙabilu ta farko a Amurka. A shekarar dai ɗaliban jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka yi nasu yajin, suka samu nasu sashen.

Ya kamata a bambanta wannan fanni da nazarin Afirka, wanda ya bunƙasa da kuɗin gwamnati a zamanin yaƙin cacar baka, musamman bayan dokar 1958 da ta ware kuɗi don koyar da harsunan waje, har da Hausa. Wancan daga sama ya sauko, wannan kuwa daga ƙasa ya taso. Bambancin ya fito fili a taron ƙungiyar nazarin Afirka a birnin Montreal a 1969, inda malamai baƙaƙen fata, cikinsu har da John Henrik Clarke, suka ƙalubalanci yadda farar fata suka mamaye shugabancin ƙungiyar.

Abin da binciken ya gano

Babban abin da masu wannan nazari suka yi tarayya a kai shi ne cewa sunan ƙabila yana da tarihi. Ana raɗa shi, yana faɗi, yana ƙuntata, wani lokaci ma yana mutuwa. Takardar ƙidayar jama'ar Amurka ta isa misali. A 1930 an saka 'yan Meziko a matsayin jinsi na daban, a ƙidayar da ta biyo baya aka cire. Sai a shekarar 2000 aka fara ba mutum damar zaɓar jinsi fiye da ɗaya. Mutanen ba su sauya ba, hukuma ce ta sauya akwatin da take zuba su. Michael Omi da Howard Winant sun gina sanannen littafinsu na 1986 a kan wannan fahimta, cewa doka da siyasa ne suke ƙera jinsi kuma suke sake masa fasali.

Masanin nan ɗan ƙasar Nowe, Fredrik Barth, ya shirya wani littafi a 1969 wanda ya sauya alƙiblar fannin. Ya nuna cewa abin da ke tsayar da ƙabila shi ne iyakar da mutane suke shatawa tsakaninsu da maƙwabtansu, kuma mutane suna ƙetare wannan iyaka alhali ita tana nan daram. A cikin littafin, Gunnar Haaland ya kawo misali daga Darfur: manomi ɗan ƙabilar Fur da ya tara shanu yakan bi su daji, ya rungumi rayuwar makiyaya Baggara, bayan wani lokaci a riƙa lissafa zuriyarsa cikinsu. Sana'a ce ta ja sunan.

Hausawa ma sun zama abin misali a wannan fage. A 1969 ɗin dai, Abner Cohen ya wallafa bincikensa kan unguwar Sabo ta Ibadan, inda ya nuna cewa Hausawan wurin sun ƙarfafa bambancinsu da Yarabawa ne domin su riƙe cinikin shanu da goro, wanda yake tafiya bisa amana da bashi tsakanin fatake da masu masauki. A ƙasar Yawuri kuwa, wani Ba'amurke mai suna Frank Salamone ya bi diddigin yadda Gungawa suke komawa Hausawa ta hanyar karɓar Musulunci, sauya harshe da neman kusanci da sarauta, ya kuma wallafa sakamakon a 1975. Shi kuma William Miles ya zauna a ƙauyukan Yardaji da Yekuwa, ɗaya a Nijeriya ɗaya a Nijar, ya nuna a littafinsa na 1994 yadda mulkin Ingila da na Faransa suka fitar da Hausawa iri biyu daga dangi ɗaya.

Hausawa a tarihin nahiyar Amurka

Akwai wurin da nazarin Amurka da tarihin ƙasar Hausa suka haɗu kai tsaye. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun jefa mutane da yawa cikin bauta, wasu kuma aka kai su gaɓar teku aka sayar. A jihar Bahia ta Birazil, hukumomi sun bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, kuma wasu tarzomomin sun biyo baya kafin babban tawayen Musulmi na 1835, wanda masanin tarihi João José Reis ya yi wa cikakken bincike. Abin lura shi ne, mutanen da a gida suke Kanawa, Katsinawa, Gobirawa ko Zamfarawa, wasunsu ma abokan gabar juna, a can suna ɗaya aka haɗa su a ƙarƙashinsa, su ma suka karɓe shi domin ya zama musu garkuwa.

Haka nan labarin Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a ƙasar Benin ta yanzu, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kai shi Birazil a matsayin bawa, ya tsere a birnin New York a 1847, aka buga tarihin rayuwarsa a 1854. Robin Law da Paul Lovejoy sun sake fito da littafin tare da sharhi a 2001.

Makarantar Zariya

A Arewacin Nijeriya, cibiyar wannan muhawara ita ce sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta ya zama ɗan ƙasa, shi ya assasa sashen kuma ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Ya ƙi yarda da ra'ayin Turawan mulkin mallaka da ke cewa wasu baƙi ne daga gabas suka zo suka kafa wa Hausawa sarauta. A ganinsa, daulolin ƙasar Hausa sun tsiro ne daga cikin gida: daga gidaje zuwa unguwanni, zuwa garuruwa, zuwa birane masu ganuwa, a wuraren da suke da ƙasar noma, tama, kasuwa da tsaro.

Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman ya ƙara faɗaɗa wannan hanya. A littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya soki ɗabi'ar fassara kowane abu da ya faru da faɗan ƙabila. Ya nuna cewa jihadin 1804 bai raba mutane gida biyu bisa harshe ba, domin akwai Hausawa a rundunar masu jihadi, akwai kuma Fulanin da suka tsaya tare da sarakuna. Malam Abdussalam na Gimbana, wanda harin da aka kai wa jama'arsa yana cikin abubuwan da suka kunna wutar yaƙin, ba Bafillace ba ne. A shekarar 2000, Bala Usman da Alkasum Abba sun wallafa wani ɗan littafi da ke ƙalubalantar masu cewa Nijeriya tarin tsofaffin ƙabilu ce da Bature ya ɗaure wuri ɗaya. Hujjarsu ita ce yawancin manyan sunayen ƙabilun da ake taƙama da su a yau, a ƙarni na 19 da na 20 suka ɗauki ma'anar da aka san su da ita.

Mahdi Adamu, wanda daga baya ya shugabanci jami'ar Sakkwato, ya bi sawun fatake, malamai da sojojin Hausa har Gwanja da ƙasar Ashanti a littafinsa na 1978. Abin da ya fito daga aikinsa shi ne Hausanci tukunya ce mai faɗin baki, wadda harshe, ciniki da addini suka yi ta zuba mutane a cikinta. A Kudu kuma, Okwudiba Nnoli na jami'ar Nsukka ya wallafa nasa littafin a shekarar, yana danganta ƙabilancin siyasa da gasar neman aiki da matsuguni a biranen mulkin mallaka.

Zamfara a idon masu bincike

Ga mai karatu daga Anka, Gummi ko Bukkuyum, wannan bahasi ba na nesa ba ne. A labarin Bayajida da yara suke haddacewa a makaranta, Zamfara ba ta cikin Hausa bakwai. An saka ta cikin jerin da ake kira banza bakwai, tare da Kabi, Yawuri, Nupe da sauransu. Wato mutanen da jaridu suke kira manoma Hausawa a yau, akwai zamanin da masu ba da tarihi a wasu fadoji suka ajiye kakanninsu a gefe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jerin siyasa ce ta tsara shi.

Mutum biyu ne aka fi ambata idan ana maganar rubutaccen tarihin Zamfara. Na farko shi ne Bajamushe Kurt Krieger, wanda ya zauna a Anka a shekarun 1950, ya tattara jerin sarakuna da labaran baka, ya buga su da Jamusanci a 1959. Na biyu shi ne Garba Nadama, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a Zariya a 1977 kan tasowa da rushewar daular Zamfara, shekaru huɗu kafin ya zama gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato.

Hoton da ke fitowa daga irin waɗannan ayyuka na ƙasa ce mai yawan baƙi. Zamfara ta karɓi Gobirawa da suka gangaro daga arewa, ta ba su wurin zama. A wajejen 1760, Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara da yaƙi, suka mayar da Alkalawa hedikwatarsu. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri kafin ya tabbata a Anka a ƙarni na 19, abin da ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfara. Saboda haka babbar gabar da ta girgiza ƙasar a ƙarni na 18 tsakanin masu jin harshe ɗaya aka yi ta.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Da yaƙi ya tashi, Zamfarawa da yawa sun mara wa jama'arsa baya saboda tsohuwar gabarsu da Gobir, jama'ar ma ta yi sansani a Sabon Gari a 1805. Amma ba a daɗe ba dangantaka ta yi tsami, kuma masana tarihi irin su Murray Last sun danganta hakan da matsalar abinci, domin runduna mai yunwa ta sauka a kan rumbunan talakawa. Ƙawancen da ɓarakar duk suna da dalilan da za a iya nunawa da yatsa: tsaro, hatsi da iko.

Kalmar Fulani ma haka take. Ta ƙunshi gidajen sarauta irin na Alibawan Zurmi da Ƙauran Namoda, da malaman Torankawa, da Sulluɓawa, da Fulanin gida da suka daɗe da barin Fulatanci, da kuma makiyayin da bai taɓa shiga aji ba. Abin da ya haɗa su a suna bai haɗa su a arziki ko a gaban alƙali ba. A kudancin yankin kuma, inda Gummi da Bukkuyum suka yi iyaka da ƙasar Zuru, an daɗe ana cuɗanya da Dakarkari ta hanyar noma, kasuwa da auratayya. Ita kuwa kalmar da ke haɗa Hausa da Fulani a matsayin abu ɗaya, a rubuce-rubucen Turanci da siyasar ƙarni na 20 ta yi ƙarfi.

Masu binciken rikicin yau

A watan Satumban 2021, Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar da sakamakon binciken shekara goma da ya yi kan ta'addancin daji a Zamfara, wanda ya haɗa da hira da jagororin 'yan bindiga a maɓoyarsu. Ya ɗauki 2011 a matsayin shekarar da ƙungiyoyin suka fara tsaruwa. A Janairun 2022 kuma, shi da James Barnett da ɗan jarida Abdulaziz Abdulaziz suka wallafa nazari kan alaƙar 'yan bindigar da ƙungiyoyin masu iƙirarin jihadi, inda suka nuna cewa yawancin dabobin abin duniya da iko suke nema, kuma suna yaƙar junansu kamar yadda suke yaƙar gwamnati.

Dalilan da ke maimaituwa a irin waɗannan bincike sanannu ne. Akwai cinye burtali, mashaya da makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada, da rabon filayen gandun daji ga masu hali. Akwai satar shanu da ta talauta makiyaya, da koke-kokensu kan tatsar da suke sha a hannun wasu jami'ai da masu unguwanni. Akwai kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba, da ramuwar da ta faɗa kan ƙauyuka gaba ɗaya. Akwai kwararowar makamai bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Akwai kuma zinare. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ne, irin su Bagega, Dareta, Abare da 'Yargalma, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010, kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar daga 2019 zuwa ƙarshen 2024. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M. D. Abubakar ya jagoranta a 2019 ya zargi wasu sarakuna, hakimai da jami'an tsaro da hannu a lamarin.

Darasin da ke cikin wannan jeri shi ne ƙabilanci ya shigo rikicin ne a tsakiya, ya kuma yi masa muni. Da zarar ɗan sa-kai ya fara kama mutum saboda kamanninsa, ɗan bindiga kuma ya fara ƙona gari saboda harshen mazaunansa, sai kowa ya ruga wurin wanda zai kare shi. Iyakar da a da ake ƙetarewa da aure, da nono da hatsi, da wasan barkwanci, sai ta zama ganuwa. Amma ko a yau sunan bai rufe komai ba: akwai Fulanin da aka kore wa shanu aka sace musu 'ya'ya, akwai kuma masu kai wa daji rahoto, mai da abinci daga cikin garuruwa.

Sukar da ake yi wa fannin

Masu wannan nazari ba su tsira daga suka ba. A Amurka, masu ra'ayin riƙau suna zarginsu da mayar da aji dandalin siyasa da kuma ƙara rura rarrabuwar da suke cewa suna bincike. A nan gida sukar ta bi wata hanya. Wasu suna ganin makarantar Zariya ta cika jingina komai ga tattalin arziki da mulki, har ta raina yadda mutane suke jin asalinsu a zuciya. Mutumin da aka kashe wa ɗa saboda sunan ƙabilarsa, ba zai ji daɗin a gaya masa cewa sunan ƙirƙira ce ta tarihi ba. Masu kiran Hausa zalla a kafafen sada zumunta sukan ce maganar haɗin kai an yi amfani da ita ne wajen rufe tambayar wa ke riƙe da sarautu da muƙamai.

Amsar da malamai suke bayarwa ita ce abin da mutane suka ƙera yana iya kisa. Kuɗi ma ƙirar mutum ne, amma rashinsu yana kwantar da mutum da yunwa. Moses Ochonu, wanda ya yi karatu a Jami'ar Bayero kuma yake koyarwa a jami'ar Vanderbilt ta Amurka, ya nuna haka a littafinsa na 2014. Ya bayyana yadda Turawa suka yi amfani da jami'an masarautu wajen mulkar al'ummomin tsakiyar Nijeriya, da yadda hakan ya haifar da ƙorafi da sanin kai na siyasa da suke raye har yanzu. Sanin ranar da aka gina katanga ba ya rushe ta, sai dai yana nuna cewa mutane ne suka ɗora tubalinta, kuma ana iya tambayarsu dalili.

Matsin lamba daga masu mulki

A ƙasashen biyu, fannin ya sha karo da hukuma. Jihar Arizona ta yi doka a 2010 wadda ta kai ga rufe darasin nazarin 'yan asalin Meziko a makarantun Tucson, har sai da wani alƙalin tarayya ya yanke hukunci a 2017 cewa ƙiyayyar jinsi ce ta motsa matakin. Kalifoniya ta bi akasin haka a 2021, ta yi dokar wajabta darasin nazarin ƙabilu a makarantun sakandare. A Janairun 2023 kuma Fulorida ta hana gwajin wani babban darasi kan tarihin baƙaƙen fata a makarantunta.

A Nijeriya, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kori Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa ɗan asalin Jamaika, daga ƙasar a 1988. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki a Zariya, sai kotu ce ta mayar da shi. A 2022, bayan shirin da BBC ta yi da Yusuf Anka kan jagororin 'yan bindigar Zamfara da wani makamancinsa na Trust TV, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar naira miliyan biyar-biyar ga Trust TV da kamfanonin da suka nuna shirin BBC, bisa zargin ɗaukaka ta'addanci. Mai binciken da ya shiga daji don ya ji ta bakin kowane ɓangare yana ɗauke da haɗari biyu, na harsashi da na zargi.

Akwai kuma matsalar alƙaluma. Ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba, saboda tsoron rigimar da ta biyo bayan ƙidayoyin baya. Amma tsarin mulki ya wajabta raba muƙamai bisa daidaiton wakilci, kuma matashi ba ya samun gurbin karatu ko aikin gwamnati sai da takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Hukuma ta ƙi ƙirga asali, amma da shi take rabo. Ga iyalan da suka baro ƙauyukansu suka koma Anka, Gusau ko jihar Kabi, da makiyayan da ba su da wata ƙaramar hukuma da ta san da zamansu, wannan takarda tana iya yanke makomar 'ya'yansu.

Inda ake wannan karatu

Ɗalibin da ke son shiga wannan fage yana da wuraren farawa. Akwai sassan tarihi da kimiyyar siyasa na jami'o'in Sakkwato, Zariya da Kano, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, da jami'ar jiha da ke Talatar Mafara. Gidan Arewa da rumbun adana takardu na ƙasa da ke Kaduna suna riƙe da fayilolin Lardin Sakkwato, ciki har da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomi domin sanya haraji da jangali, inda suke jera mutane ƙabila-ƙabila. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Kano akwai Gidan Mambayya, a Zariya kuma akwai cibiyar binciken dimokuraɗiyya da Bala Usman da abokan aikinsa suka kafa.

Kayan aiki mafi daraja kuwa suna hannun mutanen yankin. Tsofaffin da suka san inda burtali ya bi kafin a nome shi, da matan da suka san gidan da ya yi auratayya da wace ruga, da dillalan da suka san wanda ya fara sayen shanun sata, yawancinsu yanzu suna zaman gudun hijira, kuma shekaru suna tafiya. Matashin Gwashi, Anka ko Gummi da ke da waya da littafin rubutu yana iya ɗaukar abin da bai samuwa a kowane rumbu, matuƙar ya kiyaye sirrin masu ba shi labari.

Kafin nan, akwai tambayoyi uku da mai karatu zai iya ara daga waɗannan malamai duk lokacin da ya ga an danganta wani hari ko wata manufa da ƙabila. Wa ya yi amfani da sunan, kuma me yake nema da shi? Su wa sunan ya haɗa wuri ɗaya alhali halinsu ya bambanta? Sannan gonar wa, garken wa, ko ramin zinaren wa ake magana a kai?